Kada A Sayo Mana Gawa A Ce Ci Gaba Ne



Abin da ya sa na ɗauki bik wata gardama ce da muka yi a fada ran wata Asabar da dare, shayi na biyu yana kan wuta. Wani abokinmu da ke karatun tattalin arziki ya ciro salula yana nuna mana hotunan wani katafaren kanti na ƙasar waje, bene kan bene, gilashi ko'ina, matakala tana tafiya da kanta. Ya ce, "Kun gani? Wannan shi ne ci gaba. Mu ko muna nan da kasuwa tsakiyar gari, ƙuda da kwata da amalanke. Wallahi ranar da na samu iko, kwashe ta zan yi a kai bayan gari, a gina irin wannan a wurin." Aka yi ta tafi. Ni ban tafa ba. Innata tana da tebur a cikin kasuwar nan da yake son kwashewa, kayan miya take sayarwa, kuma da teburin nan aka saya mini kaye da takalmi tun daga firamare har jami'a. Duk watan da bursu ta yi jinkiri, daddawa da kuka da barkono ke riƙe ni.

Kada ku ce son kai ne kawai ya motsa ni. Na je na yi bincike, na tarar abin da abokin namu yake so a sayo mana, masu shi can sun daɗe suna yi masa jana'iza.

Irin wannan kanti da ke tara tufafi da kayan ɗaki da turare da tukwane ƙarƙashin rufi guda ya yi tashe ne tun ƙarni na 19. A Paris, Aristide Boucicaut ya shiga kantin Le Bon Marché a 1852, ya shahara da tsarin da ya burge mutane a lokacin: kowane kaya da kuɗinsa a rubuce, ka shiga ka kalla ko ba ka sayi komai ba, in abu bai yi maka ba ka maido. Ban raina wannan ba, dabara ce mai kyau. Sama da shekara ɗari irin waɗannan kantuna su ne zuciyar biranen Turai da Amurka. Yau fa? Debenhams na Ingila, wanda asalinsa ya kai 1778, ya rufe kantunansa na ƙarshe a 2021. Sears na Amurka, wanda ya taɓa zama kamfanin sayar da kaya mafi girma a ƙasar, har ya gina benen da ya fi kowane tsawo a duniya a Chicago, ya durƙushe a watan Oktoban 2018. Ko Tati na unguwar Barbès a Paris, inda ƴan Afirka ke cika jaka da tsaraba kafin su hau jirgi, ya rufe a 2021.

Da na faɗi haka a fada, nan take aka ce, "Ai intanet ce ta kashe su, Amazon ne." Wannan amsar ita ce ta fi ba ni haushi, don amsar ragwaye ce. Tana wanke hannun duk wanda ya yi laifi, ta ɗora wa na'ura. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu tambayi wanda ya tsaga bangon.

Na farko, su da kansu suka kwashe ciniki daga tsakiyar gari. Ku dubi birnin Detroit na Amurka. Akwai wani kanti a can, Hudson's, ɗaya daga cikin mafiya girma a duk ƙasar. A 1954 kamfanin da kansa ya buɗe wata sabuwar cibiyar ciniki a bayan gari mai suna Northland, da ƙaton filin aje motoci, don masu hali sun fara ƙaura daga cikin birni. Masu mota suka bi shi can. Waɗanda ba su da mota suka zauna da abin da ya rage. A 1983 aka rufe babban kantin na tsakiyar gari, a 1998 aka sa nakiya aka rusa ginin. Yaushe aka kafa Amazon? A 1994. Shekara 11 ke nan bayan an sa wa Hudson's kwaɗo. To wace intanet ce ta kashe shi? Shi kansa Victor Gruen, wanda ya zana Northland, kafin ya mutu ya fito fili ya barranta daga irin cibiyoyin da aka yi ta ginawa da sunan koyi da shi, don ya ga yadda suka tsotse birane. Abin da abokinmu yake so ya yi mana ke nan: a kai kasuwa bayan gari.

Na biyu, kuma shi ya fi muni, masu kuɗi sun cinye kantunan tun suna da rai. A Ingila akwai BHS. Attajiri Philip Green ya saye shi a 2000, masu hannun jari, iyalinsa a gaba, suka kwashi ribar da ta haura fam miliyan 400 cikin ƴan shekaru, sannan a 2015 ya sayar da shi a kan fam 1. Fam ɗaya, kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba. Shekara guda bayan haka kamfanin ya faɗi, mutum kusan 11,000 suka rasa aiki, asusun fanshonsu da giɓin fam miliyan 571. Sai da aka yi ta kai ruwa rana har majalisa kafin ya amince ya zuba fam miliyan 363 a 2017. A Amurka kuma Eddie Lampert ya haɗe Sears da Kmart a 2005, kantuna wajen 3,500. A 2015 aka sayar da gine-gine sama da 200 ga wani kamfani, Seritage, wanda shi Lampert ɗin yake da babban hannu a ciki, Sears ya koma biyan haya a gidajen da a da nasa ne. Ku auna da hankalinku: mutum ya sayar wa kansa shagon gidansu, ya riƙa karɓar haya daga ƙannensa har suka talauce, sannan ya ce kasuwa ce ta mutu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai na uku, a nan ne intanet da annobar korona suka zo suka tarar da majinyaci kwance, suka ƙarasa shi. Ban musa ba, sun taka rawa. Amma su suka zo ƙarshe.

Me ya biyo baya? Idan babban kanti ya rufe, ba ya tafiya shi kaɗai. Mai gyaran takalmi da ke gefensa, mai sayar da abinci, mai jarida, duk ƙafafun da ke zuwa kantin ne suke ci da su. Titi ya yi shiru, ƙofofi a garƙame. Faransa, wadda ta cika bayan garuruwanta da manyan kantuna, ita ce a 2018 ta fito da shirin Action Cœur de Ville, yuro miliyar 5, don ta farfaɗo da tsakiyar garuruwa 222. Wato suna biyan maƙudan kuɗi don su dawo da abin da mu muke da shi kyauta: mutane suna tafiya da ƙafa, suna ciniki, suna gaisawa a tsakiyar gari. Mu kuma muna jin kunyarsa.

Wani zai ce wannan labarin Turawa ne, ina ruwanmu? To mu tsallaka iyaka kaɗan. A 2014 aka buɗe Shoprite a Kano, cikin Ado Bayero Mall. Da yawanmu mun ga hotunan ƴan uwa da abokai suna tura keken sayayya suna murmushi. A watan Janairun 2024 aka rufe shi. Shekara goma bai cika ba. Kasuwar Kurmi kuwa, wadda ake danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sama da shekara 500, tana nan tana ci. Kantin Kwari yana nan, Sabon Gari tana nan. Mu ma nan gida kakanninmu sun ga zamanin kantunan CFAO da SCOA lokacin cinikin gyaɗa. Da gyaɗa ta faɗi bayan farin shekarun 1970, wa ya rage yana riƙe da cinikin Maraɗi? Alhazai da masu tebur. Baƙon jari yana zuwa ne don riba, ranar da lissafi ya ƙi, ya naɗe tabarmarsa. Innata ba ta da inda za ta naɗe tabarma ta tafi, nan aka haife ta, nan masu sayenta suke.

Na tambaye ta ko za ta yarda a kai su sabuwar kasuwa mai kyau a bayan gari. Ta dube ni ta ce, "Kai yaro, wa za ya biya kabu-kabu zuwa da komowa don ya sayi daddawar dala biyar? In anka kai mu can, ai an kashe mu ne ba a binne ba." Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta faɗi abin da ya faru a Detroit. Yawancin mutanenmu ba sa sayayyar wata, ta yini suke yi: rabin tiya na hatsi, mai na cokali, magi ƙwaya biyu. Ran da babu, a ce "rubuta mini sai Juma'a." Wane kanti mai gilashi ne zai ba matar mai gadi bashin tumatir? Wane ne zai ƙara mata gyara don ya ji ɗanta ba lafiya?

Kuma mun riga mun ga gwajin hanyoyin biyu a Yamai. Babbar kasuwa ta ƙone a 1982, aka sake gina ta a wurinta, har yau ita ce cibiyar birnin. Ƙaramar kasuwa, Petit Marché, ta ƙone a 2012, ba a mayar da ita yadda take ba, ƴan kasuwar suka watsu. A 2016 kuma aka bi titunan birnin ana rushe shaguna da rumfuna da sunan ƙawata gari. Wa aka ƙawata wa? Mai wucewa cikin mota da gilashi a rufe. Wanda aka rushe wa shago fa, shi da yaransa, ba ƴan garin ba ne?

Yanzu bari in juyo kan namu ɓangaren, don kada a ce na ga kitse a jikin rogo. Kasuwanninmu suna da ciwo, kuma abokina bai yi ƙarya ba da ya ambaci ƙuda da kwata. Wayoyin kuran a cukurkuɗe kamar saƙar gizo, shi ya sa gobara ba ta ƙarewa. Hanyoyi a toshe, motar kashe wuta ba ta iya shiga. Da damina taɓo har idon sawu. Mata su yini ba makewayi mai tsabta. Akwai masu tauye mudu, akwai yaran da ya kamata suna lakwal suna ɗaukar kaya. Kuma idan an gina sabbin shaguna, sau da yawa mai kuɗi ne ke kwashe biyar ko goma ya ba da haya, mai tebur ta koma bakin titi inda gobe za a kore ta. Duk wannan gaskiya ne. Amma wanda ƙafarsa ta yi gyambo magani ake sa masa, ba a yanke ta a ɗaura masa ta roba don ta fi sheƙi.

Saboda haka ga abin da nake kira gare mu, mu da gobe za mu zauna a ofisoshin magajin gari da ma'aikatu, mu zana taswira, mu sa hannu a takardu. Kasuwa ta zauna inda take, a tsakiyar mutane. Kuɗin tikitin da ake karɓa hannun masu tebur kowace rana a bayyana nawa ne, kuma a ga aikinsa: magudanar ruwa, famfo, makewayi, gyaran wayoyin wuta, hanyar da motar kashe gobara za ta bi. In za a sake gini, a fara rubuta sunayen waɗanda ke ciki, kuma su a fara ba wa wuri, da hayar da za su iya biya. In wani attajiri yana son ya gina kantinsa mai sanyi, bismilla, ya sayi filinsa da kuɗinsa, ya yi gasa da kowa. Ba mu hana shi ba. Amma kada a ba shi filin kasuwar jama'a, kada a kori iyayenmu don a share masa hanya.

Ku masu karatun tattalin arziki da tsara birane, ina roƙonku, kafin ku rubuta kundin ƙarshe a kan tsarin wata ƙasa, ku shiga Kasuwar Dole ta Damagaram ko babbar kasuwar Maraɗi ko ta Tawa da kaye a hannu. Ku ƙirga mutum nawa ke ci daga rumfa guda: mai rumfa, yaronta, ɗan dako, mai ruwa, mai kabu-kabu, manomin da ya kawo kaya daga ƙauye. Sannan ku zo mu yi gardamar da lissafi a gabanmu.

Shi kuma abokina, na san zai karanta wannan, don shi ke taya mu haɗa shafuka in an fito daga fotokofi. Ban riƙe ka a zuci ba. Asabar mai zuwa ka zo mu je teburin Inna, ka maimaita mata abin da ka faɗa a fada. Shayin ranar ni zan saya.

Wassalam.