Kafin a zana sabuwar Nima, a tambayi ɗan haya

A watan Fabrairu na 2019 shugaban Gana na lokacin, Nana Akufo-Addo, ya tsaya gaban majalisar dokoki ya ce ana shirya tsarin sabunta Nima, kuma za a yi hakan ba tare da an kori mazaunanta ba. Shekaru sun shuɗe, mulki ya sauya hannu, ma'aikatar raya Zango da aka kafa a 2017 ma an rushe ta a 2021. Amma maganar sake fasalin Nima da Mamobi ba za ta mutu ba, domin ƙasar da take maƙwabtaka da Kanda da Roman Ridge, a tsakiyar birnin Ankara, ta yi tsadar da idon masu kuɗi ba zai kauce mata ba. Duk wanda ya hau zai zo da tasa taswirar. To ranar da za a ce an ji ra'ayin jama'a, muryar wa za a ji?

Mun san yadda ake irin wannan zama. A kama zaure a otel, a sa shi da hantsi ranar aiki, a yi bayani da Turancin masana tsara birane, a haska hotunan benaye masu kewaye da itatuwa. A gayyato sarakunan Zango da limamai da 'yan majalisar unguwa, a ba su kujerun gaba, a zaga da takardar sa hannu. Wannan takarda ita ce ainihin abin da aka zo nema, ita za a liƙa a bayan rahoto a ce al'umma ta amince. Mai tuwon zafi tana bakin tukunyarta a wannan sa'a, tela yana kan kekensa, direban torotoro yana hanya. Ba a hana su zuwa ba, an dai zaɓi lokaci da harshe da wurin da aka san ba za su zo ba.

Ga inda gizo yake saƙar. Alkawarin cewa ba za a kori mazauna ba fanko ne muddin ba a fayyace wane ne mazauni ba. Nima ta faro ne tun 1931, lokacin da Malam Amadu Futa ya karɓi fili daga iyalin Odoi Kwao na Osu, ya riƙa saukar da baƙi, kamar yadda Malam Bako ya yi a Sabon Zango tun farkon ƙarni na 20. Amana ce ta gina waɗannan unguwanni, da shaidar dattawa. Yau gida ɗaya mai ɗakuna da yawa yana hannun magada rututu, wasu a Kumasi, wasu a Jamus ko Amurka, da yawa babu takardar mallaka mai rajista. A cikin ɗakunan kuma 'yan haya ne, har da waɗanda aka haife su a ɗakin suka aurar da 'ya'ya a cikinsa. Ita kuwa diyya takarda take bi. Idan aka rushe gidan aka ɗora bene, maigida mai takarda zai sami rabonsa, magada su tafi kotu, ɗan haya ya ɗaure katifarsa ya nufi Kasowa ko Ashaiman, inda za a nemi ya biya kuɗin shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 ta tsaya a wata shida. A rahoto za a rubuta cewa ba a kori kowa ba, kuma a harshen doka gaskiya aka faɗa.

Wanda yake ganin tsoro ne kawai ya sa muke wannan magana, ya waiwayi Tsohuwar Fadama. Bayan ambaliya da gobarar 3 ga Yuni 2015 da suka kashe kimanin mutum 150 a shataletalen Kwame Nkrumah, makonni kaɗan aka yi katafila ta shiga gidajen bakin tafkin Korle. A 2021 an kwashe 'yan albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku, can wajen gari. Ya kuma dubi Saglemi, inda aka shirya gina gidaje 5,000 da bashin dala miliyan 200, aka tsaya a kusan 1,500, suka yi shekaru ciyawa tana cin su babu mai kwana ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a duk waɗannan wurare daga sama shawara ta sauko.

Kada wani ya ɗauka muna cewa a bar Nima yadda take. Masu faɗin haka galibi ba su taɓa bin layin bayan gida na kuɗi da asuba ba, ba su taɓa ɗaukar mai naƙuda a kafaɗa ba saboda mota ba ta shiga lungu. Babbar kwatar Nima tana buƙatar aiki, kuma shirin GARID na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2019, ya sa Nima da Alogboshie da Akweteyman cikin unguwannin da za a gyara tare da mutanensu. Gyara muke so, mu kuma kasance muna nan ranar da aka gama shi.

Saura namu laifin, kuma ba kaɗan ba ne. Dokar tsara amfani da ƙasa ta 2016, mai lamba 925, ta wajabta a sanar da jama'a a ji ta bakinsu kafin a amince da tsarin gari, ta kuma ce kowace majalisar gunduma ta tanadi ɗakin da mutane za su shiga su duba taswirori. Nima tana ƙarƙashin majalisar Ayawaso ta Gabas, Mamobi tana ta Arewa, ofisoshin ba nisa. Matasanmu nawa, cikin masu digiri da ke kwana suna gardamar siyasa a Facebook, suka taɓa shiga suka nemi a nuna musu abin da aka zana a kan gidan kakansu? Mun saba mu yi shiru har a shafa jan fenti a bango, sannan mu fito da kwalaye, ihu bayan hari. Sarakunanmu, Allah ya ja zamaninsu, muna girmama rawunansu, amma yawancinsu masu gidaje ne, kuma buƙatar maigida da ta ɗan haya ba kullum suke kwana ɗaki ɗaya ba. Sa hannun sarki bai isa ya zama yardar unguwa ba.

Saboda haka duk taron da za a kira kan makomar Zango, a yi shi a cikin Zango, bayan la'asar ko ranar hutu, da Hausa da sauran harsunan da unguwar take ji, a yi shela a masallatai tun Juma'ar da ta gabata. Mata su sami nasu zaman, domin sana'arsu a ƙofar gida take, bene mai hawa goma kuwa ba shi da wurin hura wuta. Kafin a ja layi ko ɗaya a ƙidaya mutane ɗaki-ɗaki, ɗan haya da sunansa da shekarun da ya yi, a ajiye kwafin rajistar a hannun unguwa. A kuma rubuta cikin tsarin kansa wa zai dawo, a wane ɗaki, kan nawa a wata, da inda zai zauna kafin a gama ginin. Wanda ya zo da takardar sa hannu babu waɗannan, a karɓe shi da mutunci, a ba shi ruwa ya sha, a mayar masa da alƙalaminsa.