Mas'alar Yanka Farashi Da Masu Cewa A Sakar Wa Kasuwa Mara

 

Akwai wata aƙida da ta taso daga ƙasashen Turawa, ta shiga kunnen masu mulki, har ta iso rumfunan kasuwa. Masu ita suna cewa kada hukuma ta sa baki cikin farashi, kada ta tara hatsi a rumbu, kada ta tallafa wa kowa, domin wai kasuwa ita ke gyara kanta. Suna jingina maganar ga Adam Smith, mutumin Sikotilan, da littafinsa na 1776, sa'an nan Milton Friedman na Jami'ar Shikago ya sabunta ta a ƙarnin da ya shige. Masu tsanani daga cikinsu, kamar Robert Nozick a 1974, sun kai ga cewa karɓar haraji daga gumin mutum daidai yake da sa shi aikin tilas.

Da maganar ta tsaya ga Turawa, da ba a ɗauki alƙalami ba. Amma an fara jin waɗansu almajirai da attajirai suna nemo mata hujja daga Sunna. Suna kawo hadisin Anas ɗan Maliku, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa kaya sun yi tsada a Madina, aka roƙi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yanka farashi, ya ƙi, don tsoron kada ya zalunci wani cikin dukiyarsa. Hadisin ingantacce ne, babu musu. Sai dai wanda ya tsaya nan ya karanta warƙa ɗaya daga babin ciniki ya rufe littafi.

Wanda ya ƙi yanka farashi shi ne ya hana ihtikari, watau ɓoye abinci don jiran tsada. Shi ne ya hana a tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su ji farashin gari. Shi ne ya hana najashu, watau mutum ya yi tayi ba da nufin saye ba, sai don ya ɗaga wa wani kuɗin kaya. Ya sa hannunsa mai albarka cikin tarin abinci a kasuwa, ya ji ƙasan a jiƙe, ya tsawata wa mai shi. Cikin Muwaɗɗa, Imamu Maliku ya kawo cewa Sayyidina Umaru ya iske Haɗibu ɗan Abi Balta'a yana sayar da zabibi ƙasa da sauran mutane, ya umurce shi ya daidaita ko ya tashi daga kasuwa. A kan irin wannan aka gina babin hisba, har Yahaya ɗan Umaru, malamin Ƙairawan, ya yi littafi sukutum kan hukunce-hukuncen kasuwa. Malamai da yawa sun rarrabe: tsadar da ƙarancin kaya ya kawo, ba a tilasta wa ɗan kasuwa a kanta, wadda kuwa hannun mutane ya ƙulla, wajibin mai mulki ne ya kwance ta. Batun cewa abin da mutum ya tara babu mai haƙƙi a ciki, ya isa a tuna Sayyidina Abubakar ya yaƙi waɗanda suka hana zakka.

A yi adalci, masu wannan aƙida ba su rasa abin faɗi ba. Hukumar sayen amfanin gona ta zamanin dalar gyada ta daɗe tana biyan manomin Arewa ƙasa da abin da gyadarsa ke kawowa a ƙasashen waje, kuma da aka rushe hukumomin a 1986 ba kowane manomi ya yi musu kuka ba. Hannun hukuma yakan yi zalunci. Amma maganin likita maras kirki ba shi ne a rushe asibiti ba.

To, ga abin da ya auku a ƙasar Nijar a 2005, kuma fataken da ke bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi shaidu ne. A daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta sauka a waɗansu yankuna. Duk da haka hatsin da aka girbe bai gaza na shekarun baya da fiye da kimanin kashi 11 cikin 100 ba. Gero bai ƙare ba. Yana nan jibge a kasuwa, wani kuma ana lodinsa zuwa Nijeriya inda ya fi kuɗi. Abin da ya ƙare shi ne kuɗin talaka. Manomi ya sayar da kaka da arha don ya biya bashi, da bazara ya komo saye ya tarar buhu ya ninka, ya kai akuyarsa kasuwa ya tarar ta faɗi. Wanda ya ci bashin buhu ɗaya, da kaka zai biya biyu ko fiye, riba ke nan tsagwaronta, ko da an sake mata suna. Ofishin hatsi na ƙasa, OPVN, tun shekarun 1980 aka rage masa ƙarfi bisa shawarar masu ba da bashi na waje. Hukuma da masu agaji suka yi watanni suna sayar da hatsi da rangwame, suna gudun raba shi kyauta don kada a ɓata kasuwa. Wanda ba shi da ko dala, ina ruwansa da rangwame? Sai a watan Agusta aka shiga rabo sosai, bayan hotunan yara sun karaɗe duniya. A wannan shekara likitocin MSF kaɗai sun yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani, mafi yawansu a jihar Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa.

Ba sabon abu ba ne. A ƙasar Ailan, tsakanin 1845 da 1852, wajen mutum miliyan ɗaya suka mutu da yunwa da cututtukanta, alhali jirage na fita da abinci daga tashoshinta, masu mulki a Landan suna nauyin taɓa ciniki. Illar ɗaya ce: kasuwa tana kai kaya inda kuɗi yake, kuma a shekarar fari kuɗi da yunwa ba sa kwana gida ɗaya. Ɗan kasuwan da ya bi riba ta halal bai yi laifi ba. Laifin yana wuyan mai mulkin da ya ɗora wa kasuwa aikin da Shari'a ta ɗora masa, da malamin da ya ba shi fatawar yin haka da rabin babi.

A shekara ta 18 bayan Hijira, wadda ake kira shekarar toka, fari ya kama Hijaz. Sayyidina Umaru, wanda ya san hadisin Anas fiye da duk mai kawo shi yau, bai zauna jiran tsada ta jawo fatake ba. Ya rubuta wa gwamnoninsa, Amru ɗan Asi ya aiko da abinci, aka girka tukwane a Madina ana ciyar da mutanen ƙauye, shi kuwa ya haramta wa kansa man shanu har aka sami ruwa.