RUFIN ƊAKI: A RUBUTA KAFIN A BIYA

Jama'a, talakawa 'yan'uwana da 'yan kasuwa, yau maganata a kan rufin ɗaki ce. Kowace shekara da an sayar da albasa da tafarnuwa, kuɗi sun shigo hannu, sai ka ji mutumin Goronyo yana cewa bana zai kwashe rufin ƙasa ya buga kwano.

Ban ga laifinsa ba. Wanda ya ga ambaliyar Satumba 2010, sa'ad da Gulbin Rima ya cika ya batse, gini ya jiƙe daga ƙasa, nauyin rufi ya danne shi, ba zai so ya sake kwana a ƙarƙashin tulin ƙasa ba. Ga azarar giginya ta yi wuyar samu, ga yaɓe kowace bazara. Amma fa ku lura da abu guda. Maginin da ya yi wa ubanka rufi ɗan gari ne, an san gidansu, in ya ɓata aiki akwai Sarkin Magina da za a kai ƙara wurinsa. Mai buga kwano kuwa sau da yawa baƙo ne, ranar kasuwa ka gan shi, bayan Lahadi sai labari.

Wani maƙwabcina ya ba irin wannan jinga da baki kawai, ya ƙirga masa kuɗin duka a zaure, ba shaida ba takarda. Aka kawo kwano marar kauri, wanda yaro ma zai lanƙwasa da hannu, da ɗanyen katako, aka ɗora bisa bango ba ɗauri. Iskar farkon damina ta zo da dare ta yaye rufin ɗungum ta jefa shi garkar mutane. Shi da iyalinsa a ɗakin ƙanensa suka ƙare damina. Haba jama'a! Mutumin da ba ya barin mota ta tashi sai ya ƙirga buhunan albasarsa sau biyu, shi ne zai miƙa guminsa na shekara guda don an ce masa "kada ka damu, Alhaji"?

To, ga abin da na gani. Ka tafi da kafinta Sakkwato, ko duk inda za a sayi kaya, ka biya da hannunka. Bandir falle 20 ne, ƙirga. Ka tambayi kaurin kwanon, domin lambar geji in ta yi sama kwano sirancewa yake yi, ba kauri ba, da yawa kuwa nan ake cutarsu. Katako ya zama busasshe, a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai tun yana ƙasa. Sa'an nan babbar magana, watau ɗauri: a ɗaure katako da waya ko rodi a cikin bango, a ɗora gini bisa bakin kwanon ta inda iska ke bugowa, wajen gabas. Ƙusa a kan tudun kwano ake buga ta, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Silin kuwa, wanda ya san zafin Afrilu a ƙasar nan ba sai an roƙe shi ba.

Duk wannan a rubuta shi, da ranar gamawa, da yadda za a biya lada kashi-kashi, shaidu biyu su sa hannu. Wanda bai iya boko ba a rubuta masa da ajami.

Na san wani zai ce rubutu rashin yarda ne. Ni aikina ke nan rubutu, ban kuwa taɓa ganin takarda ta raba masu gaskiya ba. Kafinta ma ai talaka ne ɗan'uwanmu, sau nawa ya sha rana bisa rufi, mai gida ya hana shi cikon kuɗinsa, yau da gobe har ya gaji ya bari? Takardar nan shi ma ita ce gatansa.

A fara aiki tun da rani, kada a jira hadari ya taso. Kashin ƙarshe na lada kuwa a rubuta cewa sai ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, mai gida ya duba ɗakinsa ya ga ba ɗigo, kana ya biya a gaban shaidun nan biyu.