RA'AYINMU: Iskar Gas Ɗinmu Da Alkawarin Glasgow

A watan Nuwamba na 2021, a wurin taron ƙasashen duniya kan sauyin yanayi da aka yi a birnin Glasgow, Shugaba Muhammadu Buhari ya ɗauki alkawari da sunan Nijeriya cewa zuwa shekarar 2060 hayaƙin da ƙasar nan ke fitarwa ba zai wuce wanda za a iya shanyewa ba. Tun daga lokacin ake ta ja-in-ja tsakanin masu cewa alkawarin zai daure wa tattalin arzikinmu ƙafa, da masu cewa idan ba a cika shi ba, babu arzikin da zai saura.

Mu dai ba ma cikin masu musun sauyin yanayi. Ambaliyar 2022 ta halaka mutum fiye da 600, kuma duk wanda ya ga abin da ya sami Maiduguri a watan Satumba na 2024, sa'ad da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ba sai an yi masa lacca ba.

To, amma fa sai a duba wanda ya jawo da kuma wanda ake nema ya biya. Nahiyar Afirka baki ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ƙasashen Turai da Amurka da kwal da man fetur suka gina masana'antunsu, sai da suka ƙoshi sannan suka fara yi wa mai jin yunwa wa'azin azumi. A Copenhagen, a 2009, sun yi alkawarin ba ƙasashe masu tasowa dala miliyan dubu 100 kowace shekara kafin 2020. Ba su cika ba sai a 2022, kuma yawancin kuɗin rance ne. A Glasgow ɗin nan wasunsu suka ce sun daina zuba kuɗi a ayyukan mai da gas na ƙasashen waje, amma da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, su ne suka riƙa sintiri a Afirka suna neman gas.

Saboda haka, a namu ganin, bai kamata Gwamnatin Tarayya ta yarda a raba mu da iskar gas da Allah ya hore mana ba. Miliyoyin 'yan ƙasar nan ba su da wutar lantarki. Masaƙun Kakuri a Kaduna sun mutu, masana'antu da dama a Sharaɗa da Bompai sun rufe, kuma tsadar wuta tana cikin abin da ya kashe su. Uwargida kuwa, duk ranar da gas ɗin girki ya fi ƙarfin aljihun maigida, sai ta koma ga itace da gawayi. Nan ne masu cewa a bar gas don kare muhalli suke kuskure, domin tukunyar da ba a ɗora a kan gas ba, a kan bishiyar da aka sare za a ɗora ta, hamada kuma ta ƙara matsowa.

Sai dai laifi tudu ne, kada mu taka namu mu hango na wani. Tun 1979 aka kafa dokar da ta hana kamfanonin mai ƙona gas a banza daga farkon 1984, aka yi ta ɗaga wa'adi, harshen wuta kuma bai daina ci dare da rana a kan ƙauyukan Neja Delta ba. Da wane baki wakilanmu za su ce a wurin taro muna bukatar gas, alhali muna ƙona shi a sararin sama? Haka nan bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, wa'adinsa na farko ya wuce ba a gama shi ba.

Muna kira ga Majalisar Tarayya da ta bukaci a riƙa gabatar mata kowace shekara da yawan gas ɗin da kowane kamfani ya ƙona, da tarar da ya biya, a kuma buga wa jama'a su gani.