Ba littafi ne ya sace zinariyar Hajiya ba



Kwanakin ga magana ta yi yawa a fada da gurup-gurup na WhatsApp: wai labaran soyayya da matanmu ke saurare a waya, waɗanda ake karantowa daga littattafan Kano, su ne ke koya wa ɗiyanmu kwaɗayin zinariya da ɗauke-ɗauke. Wasu har cewa suke a ƙwace wayoyin. Ni kam ban yarda ba.

Duk mai sauraren labaran ga ya san yadda suke tafiya. Ana saura kwana uku biki, sarƙa da 'yan kunne da awarwaro sun ɓace daga ɗakin Hajiya. Tun ba a bincika ba an riga an nuna ɓarauniya: 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye. A zazzage ƙunshin kayanta, a mare ta, a kira mai duba, a ja ta zuwa wurin 'yan sanda. Sai labari ya yi nisa gaskiya ta fito: ɗan gida ne ya saida don ya biya bashi, ko kishiya ce ta ɓoye don ta ƙulla sharri. To don Allah, wanga darasin sata ne, ko na tsoron zalunci?

Ƙona littafi an gwada shi. A 2007, zamanin gwamna Ibrahim Shekarau, an cinna wa littattafan soyayya wuta a Kano. Sata ta ƙare? A Oktoban 2025 ɓarayi suka shiga gidan tarihi na Louvre a Faransa da rana tsaka, cikin 'yan mintoci suka kwashe kayan adon sarauta na kusan yuro miliyan 88. Wane littafin Hausa suka karanta?

Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne, 'yar aikin cikin labarin ɗiyarmu ce. Da an gama girbi samari sun tafi bida, 'yan mata kuma ana tura su aikatau Tawa, Ƙonni, Maraɗi, har Yamai. Yarinya ba ta da kowa a can. In abu ya ɓace ita ce ta farko, don ita ce ba ta da baki. Alhali a shari'a wanda ya yi zargi shi ke kawo hujja. Ko ganin kaya cikin jakar mutum bai isa ba: ku tuna ƙissar Annabi Yusufu (AS), da ma'aunin sarki da aka ciro daga kayan ƙanensa, shi kuwa bai ɗauki komi ba.

In akwai inda nake da ƙorafi ga marubuta, to ƙarshen labarin ne. Kullum sai kyakkyawan ɗan Hajiya ya gano gaskiya, ya aure ta, ya cika mata akwati da zinariyar da ta fi wadda ta ɓace. Wallahi a zahiri ba haka take ba. Yarinya takan dawo gida ba kuɗin aikinta, da sunan ɓarauniya a kanta, manemi ya janye, ko da an ga sarƙar daga baya ba mai zuwa ƙauye ya wanke ta. A rubuta wannan ma, a karanta mana mu ji.

Iyaye, kafin ku ba da ɗiya ku san gidan da za ta, ku riƙe lambar wayarsu. Hajiyoyi, ku kulle zinariyarku. In ta ɓace ku je komisariya ko jandarma, a tambayi kowa na gidan, har da 'ya'yanku. Ku bar duka, ku bar mai duba. Masu son ƙwace waya kuma, ku zauna ku saurari labari guda har ƙarshe, sannan ku zo mu yi gardama.

Allah ya tsare mu da sharrin da ba mu ji ba, ba mu gani ba. Amin.