Cinikin Biri a Sama: Tsakanin 'Ya'yanmu Masu Aikin Jinga da Masu Ɗaukarsu



A kakar da ta wuce, ana tsakiyar yankan riɗi, aka kawo wata ƙara zauren dattijonmu, inda muke riƙe da alƙalami da littafi. Mai ƙarar ɗan kasuwa ne da ke hada-hada a kasuwar amfanin gona ta Gadarif. Wanda ake ƙara kuwa ɗan ƙanwarsa ne, saurayin da yaƙi ya koro daga Madani a watan Disamba na 2023, bai tsira da komai ba sai kwamfutarsa da kayan jikinsa. Wata uku yaron ya yi yana yi wa kawun nasa aiki. Ya kwashe lissafin buhuna na shekara biyu daga tsofaffin littattafai ya tsara shi a kwamfuta, ya zana masa tambarin da ake bugawa a jikin buhu, ya kuma buɗe masa shafi a Facebook, har masu saye daga Bur Sudan suka fara nemansa ta nan. Da aiki ya kammala, kawu ya tura masa abin da ya kira kuɗin shayi. Yaro bai ce uffan ba. Washegari ya sauya kalmar sirrin shafin, ya kashe wayarsa.

Dattijo ya saurari kowa, sannan ya yi tambaya guda: "Nawa kuka yi?" Zaure ya yi tsit. Can yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, kawuna ne. Da wane baki zan yi masa kuɗi?" Alhajin kuma ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban ga gumi ba. A inuwa yake zaune yana danne-danne."

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, garin nan ya cika da matasa masu ilimi waɗanda ofisoshinsu suka rufe, jami'o'insu suka watse. Albashi ya tsaya, kowa ya koma sayar da abin da hannunsa ya iya. Wannan yana ɗora faranti mai aiki da hasken rana, wancan yana gyaran waya, wata tana fassara takardu, wani yana bin ƙungiyoyin agaji da suka yawaita a nan tun buɗe sansanin Um Rakuba a 2020, suna ɗaukarsa kwana goma ya tattara musu bayanai, su sallame shi. Da Larabci suna ce wa wannan amal hurr, wato aikin da ba ka da ubangida ɗaya. Ƙararrakin da ke iso mu daga irin wannan aiki sun yi kama da juna ƙwarai. Da wuya ka sami ɓarawo a cikinsu. Galibi mutanen kirki biyu ne da suka ji nauyin ambaton kuɗi ranar da za a fara, suka zo suna ambaton abin da ya fi kuɗi muni ranar da aka gama.

Abin da ke ɗaure mana kai shi ne, wannan Alhaji ba baƙo ba ne ga biyan ma'aikaci. A gonarsa, idan jangu suka zo yankan riɗi, ba wanda ke sa lauje sai an daidaita nawa ne hilla guda. Da yamma wakili ya zagaya ya ƙirga hillolin da aka tsayar, a biya kowa gwargwadon nasa. A lokacin cire ciyawa ma haka ake yi: a taka fili, a nuna iyakarsa, a yi guwal a kansa, kowa ya san abin da ya ɗauka. Yana yin haka ne domin ya san riɗi ba ya jiran kowa. In ya nuna aka bar shi 'yan kwanaki, sai kwanso ya fashe, ƙwaya ta zube ƙasa, wahalar damina ta tafi a banza. Ya kuma san mutumin da ya tsallako daga Habasha ta Gallabat ba zai ji kunyarsa ba, in farashi bai yi masa ba gonar maƙwabci zai wuce. Ashe mun iya ciniki sarai da wanda ba namu ba. Da ɗanmu ne kawai muke cinikin biri a sama.

Kada kuma matasa su ɗauka wani sabon abu suka ƙago. Iyayenmu da kakanninmu da suka biyo hanyar gabas, wasu a bayan Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu da niyyar hajji kawai, da me suka ci abinci a hanya? Da jinga da ƙodago. Su tsaya su tsinci auduga a Jazira bayan an kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, su tara guzuri su ƙara gaba. Da aka fara noman injina a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, injin ya yi huɗa ya yi shuka, amma cire ciyawa da yanka hannu suke nema, hannayen mutanenmu kuwa suna cikin waɗanda suka yi. Ba su da albashi, ba su da fansho. Jarinsu shi ne sunan da suka yi, cewa Bahaushe in ya karɓi aiki yana gamawa. Da wannan suna aka gina unguwannin da muke zaune a ciki.

Mu da muka zauna gaban malamai muka karanta Risala, mun san babin nan tun muna yara, sai dai mun bar shi a allo. Malikawa sun ce ijara ba ta inganta sai an san ladan, an kuma san aikin ko tsawon lokacinsa. Akwai kuma ji'ala, wato a ce wanda ya dawo da raƙumin da ya ɓace ko ya haƙa rijiya yana da kaza. A nan ma'aikaci ba ya da komai sai ya kammala, ba a kuma yanka masa wa'adi. Asalinta yana cikin Suratu Yusuf, inda aka sa kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki. Duba yadda wannan ya shafe mu a yau. Idan ɗan kasuwa ya ce wa yaro, "Samo mini mai sayen buhu ɗari, kana da kaza," ji'ala ce, in bai samo ba ba ya bin kowa bashi. Idan kuwa ya ce, "Riƙe mini shafin nan wata uku," ijara ce, ladan ya wajaba ko an sayar ko ba a sayar ba. Rabin rigimar da muke rubutawa daga nan take tasowa: mai aiki yana ganin ijara ya yi, mai kuɗi yana ganin ji'ala ce, babu wanda ya furta. A Muhtasar ma an kawo saɓani kan haɗa ƙayyadadden aiki da ƙayyadadden lokaci a ƙulli ɗaya, abin da muka ɗauka daga ciki shi ne, in za a sa wa'adi to ya fi aikin yalwa. Kada a ce wa mutum ya gama aikin mako a kwana biyu, sannan a riƙe masa haƙƙi don ya makara.

Ga 'ya'yanmu masu farawa, maganarmu ba mai daɗi ba ce duka. Ka faɗi kuɗinka kafin ka taɓa aikin, ko da mai aikin shi ya yanka maka ragon suna. In kana so ka yi wa kawunka kyauta, ka faɗa da bakinka cewa kyauta ce, ka sami ladanka wurin Allah, ka kuma cire rai. Abin da ba ya halatta shi ne ka yi shiru kamar mai kyauta, alhali a zuci kana lissafi kamar mai bin bashi. Aikinka na farko da na biyu ka sassauta farashi, ba laifi, domin kana sayen shaida ne, sai an gwada akan san na ƙwarai. Amma ka faɗa cewa sassauci ne, don kada ya zama farashinka har abada. In ka karɓi kafin alƙalami, to ka sani kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ko da wani ya zo da aikin da ya fi tsoka a tsakiya. Kayan mutane kuma amana ne. Malamanmu sun ɗora wa mai sana'a lamunin abin da ya tafi da shi wurinsa, to wayar da aka bar maka gyara, da hotunan iyalin da ke cikinta, da lissafin ɗan kasuwa, da kalmar sirrin shafinsa, a ganinmu duk suna ƙarƙashin wannan. Yaron da ya kulle shafin kawunsa yana da gaskiya a bashinsa, ba shi da ita a hanyar da ya bi.

Akwai wani jari da yawancinku ke takawa ku wuce. Kun tashi da Hausa a gida da Larabci a makaranta. Masu jin Hausa miliyoyi ne a Nijeriya da Nijar da Gana, kuma kullum akwai mai neman wanda zai juya masa wa'azi, ko takardar ciniki, ko bayanin magani daga wannan harshe zuwa wancan. Sai dai da yawa cikin yaranmu suna magana da Hausa ba sa iya rubuta ta da boko, ba su bambanta ƙ da k, ko ɗ da d. Wanda ya zauna wata biyu ya gyara wannan, ya sami sana'ar da ba kowa a Sudan zai yi takara da shi a kanta ba.

Masu neman aiki ta intanet kuma su shiga da idonsu a buɗe. Amurka ta ɗage takunkumin cinikin da ta sa wa Sudan tun 1997 a watan Oktoba na 2017, ta kuma cire sunan ƙasar daga jerin masu goyon bayan ta'addanci a Disamba 2020, amma har yanzu ba a buɗe asusun PayPal daga nan. Saboda haka kuɗin yakan faɗa asusun wani ɗan'uwa a Saudiyya ko Masar, shi kuma ya turo ta Bankak. Wannan ma ciniki ne, a daidaita shi tun farko: da canjin wace rana za a lissafa, nawa ne nasa na wahala. Ka kuma gaya wa mai aikin da ke waje halin da muke ciki na wuta da layin waya. Wanda ya ga yadda sadarwa ta ɗauke a watan Fabrairu na 2024 ba zai yi alkawarin gobe da safe ba tare da ya bar wa kansa sarari ba.

Yanzu ga iyayenmu 'yan kasuwa, kuma a gafarce mu in mun taka wani. Gumin da ba ku gani ba an yi shi shekaru kafin yau, a aji, da kuɗin makaranta da wani uba ya sayar da dawarsa ya biya. Kuna biyan mai gyaran tarakta don ya san ƙusar da zai taɓa, ba don yawan maiƙon da ke rigarsa ba. Wanda ya tsara muku lissafi har kuka gano buhunan da ke salwanta tsakanin gona da sito, me ya rage masa? In kuna shakkar gwanintarsa, ku ba shi ƙaramin aiki ku biya, ku gani. Ku faɗi abin da kuke so filla-filla, har da sau nawa za a yi gyara, domin "ɗan ƙara mini kaza" sau goma wani aikin ne daban. Ku kuma bar jan biya. Kafin yaƙi dala ɗaya tana wajen fam 600, a cikin 2024 ta haura 2,000. Wanda ya riƙe ladan ma'aikaci wata huɗu a irin wannan hali, ko ya biya adadin cif, ya rage masa haƙƙi, kuma ya san ya rage.

Za a ce mana rubutu tsakanin dangi rashin yarda ne, yana kashe zumunci. Mun ji wannan sau da yawa, kuma ba mu raina shi ba, domin kunya ado ce a wurinmu, ita ta riƙe mu a ƙasar da sau da yawa ake tambayarmu takardar asali. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka yi wa magana, ba maƙiya ba. Annabi Musa, alaihis salam, da zai yi kiwo a Madyana, an ambaci shekara takwas, an bar masa zaɓin cika goma, alhali surukinsa ne zai zama. Mu dai a littafinmu ba mu taɓa rubuta zumuncin da takarda ta kashe ba. Waɗanda shiru ya kashe kuwa shafukansu suna da yawa.

Rubutun ma ba wani dogon abu ba ne. Saƙo ɗaya a WhatsApp ya isa, ko murya da aka naɗa, a faɗi aikin da kuɗin da ranar biya da wanda zai mallaki abin in an gama, ɗayan ya amsa ya yarda, a tura wa mutum na uku. Shafukan Larabci irin su Khamsat da Mostaql sun tsayu ne a kan dabara guda: mai aiki ya ajiye kuɗin a wurinsu, ba a sakar wa ma'aikaci sai ya miƙa aikin. Mu muna da wannan tun kafin su, sunansa amintacce. Dattijo ya yarda duk mai so ya zo zaure bayan la'asar, mu rubuta musu a gaban shaidu biyu, in sun ga dama a ajiye kuɗin a hannun wanda su biyun suka aminta da shi. Ba a karɓar ko sisi a kan haka.

Ita kuwa waccan ƙara, da yake ba a ambaci lada ba tun farko, dattijo ya koma ga ujratul misli, wato ladan da irin aikin ke ci a gari. Aka kira mutum biyu masu sana'ar, kowa ya kimanta shi kaɗai, aka ɗauki tsakiya. Alhaji ya biya rabi a take ta waya, rabi bayan ya sayar da riɗinsa, yaron kuma ya mayar da kalmar sirri a gabanmu ya nemi gafarar kawunsa. Aka yi fatiha aka watse. Yaron yanzu yana yi wa wasu 'yan kasuwa uku lissafi, kowanne da takardarsa. Kawun ya ɗauki wani bare yana riƙe masa shafin, a kan kuɗin da ya fi wanda aka yanka masa a zaure, yana kuma biya kan lokaci. Mahaifiyar yaron ba ta taka gidan yayanta ba tun daga ranar, har bikin 'yarsa da aka yi bayan Sallah.