Raddi ga mai cewa duk yankakken matafiyi maƙaryaci ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Manzanni. Bayan haka:

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, wata magana ta yaɗu a kasuwanninmu, har ta shiga bakin masu karatu: wai duk wanda ya tsaya a tasha ya ce guzurinsa ya yanke, ɗan damfara ne. Wannan rowa ce aka naɗa mata rawani.

A 1984, shekarar fari, ina almajiri, na fito Zariya zan tafi Maiduguri, aka yanke mini aljihu a Potiskum. Na yini ban sa komai a bakina ba. Wata tsohuwa mai sayar da koko ta dube ni, ta miƙo mini kwano da ƙosai uku, ba ta nemi shaida ba, alhali tsaba ta yi tsada a wannan shekara. Wani yaron mota ya roƙi ubangidansa, aka ɗora ni bisa buhuna har Damaturu. Can wani mai faci ya ara mini tabarma na kwana. Ban san sunan ko ɗayansu ba, Allah Ya san su.

Kai mai tuhuma, wane littafi ka karanta? Ibnus sabili yana cikin mutum takwas da aka ambata a Suratut Tauba, masu haƙƙi cikin zakka. A Mukhtasar na Shaihu Khalil, ana ba shi abin da zai kai shi gida ko da mawadaci ne a garinsu, muddin bai sami mai ranta masa ba, kuma tafiyarsa ba ta saɓo ba ce. Ana kuma gaskata shi a kan abin da ya faɗa. Idan ya karɓa ya zauna bai tafi ba, sa'annan a karɓe. Wannan fa zakka ke nan, balle kwanon koko.

Na'am, akwai maƙaryata, ni ma an sha cuta ta. To, nawa ka yi hasara? Kai da ke ba abokin ciniki bashin kaya ba takarda, sai a kan ƙosai uku za ka zama alƙali?

Dubi kakanninka da suka tafi Makka a ƙasa, ta Abeche da Fashir da Ubayyid, suna tsayawa noman auduga a Jazira ta Sudan su sami kuɗin ƙetare teku. Wasu shekara bakwai, wasu fiye. Wane attajiri ya ɗauki nauyinsu? Randar ruwa ce a bakin hanya, da zauren mutumin da bai san ko harshensu ba.